A San Ciwo Kafin A Yi Fiɗa: Zancen Giyar Otomatik A Birnin Riyad

Yau zancen mota za mu yi, amma ba dukan motar ba, sai wannan akwatin ƙarfe da ke maƙale da injin, wanda direbobin gida su ke kira giyabos, Larabawan nan kuwa su ce masa "gir". Abin da ya sa muka ɗauko shi, kowa ya san da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Riyad da sitiyari su ke cin abinci. Waɗansu suna tuƙa iyalin masu gida, waɗansu suna kamfani, waɗansu kuwa sun ƙuƙuta sun tara 'yan riyalolinsu sun sayi tsohuwar mota don kai yara makaranta da zuwa Umra. Galibinmu kuma a kan mota mai kuloci muka koyi tuƙi, ko a Kumasi, ko a Tamale, ko a Kano. Mun san kukan waccan giya sarai. Amma wannan da ke canza kanta da kanta, in ta fara ciwo sai mu tsaya sororo, duk abin da bakanike ya faɗa mu ce "to".

To, ta nan kuɗi ke zurarewa. Ran da mota ta yi wata 'yar fizga, ko ta yi nawar tashi, mutum ya nufi Sina'iyya, watau unguwar gareji-gareji, sau da yawa maganar farko da za ta faɗa kunnensa ita ce "tawdib". Ma'anarta a sauke giyabos, a warwatsa shi, a sake kayan ciki. In an ɗebe gyaran injin kansa, babu aikin da ya kai wannan tsada a jikin mota, a tsohuwar mota ma har ya kan tasam ma kuɗin motar. Ga shi kuwa a gida ana jiran saƙon wata. Saboda haka maganarmu guda ɗaya ce, sauran duk bayaninta ne: kada mutum ya yarda a sauke masa giyabos sai an gaya masa sunan ciwon, an kuma nuna masa shaida. A fara bincike daga abin da ba ya cin ko halala, a hau zuwa mai tsada, mataki-mataki.

Yadda abin ya ke aiki

Ba a gane ciwo sai an san lafiya. Giyar otomatik ba baƙuwa ba ce a duniya. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da ita da yawa, a cikin motar Oldsmobile, a ƙarshen shekarar 1939, da sunan Hydra-Matic. Tun daga nan an yi ta gyare-gyare, amma tushen yana nan: mai ne ke yin aikin da ƙafar hagu da hannun direba su ke yi a mota mai kuloci.

Tsakanin injin da giyabos akwai wani ƙullutun ƙarfe cike da mai, makanikan Riyad suna ce masa "battikha", watau kankana, saboda kamanninsa. A ɗauki misalin fanka biyu da aka sa suna fuskantar juna. In an kunna ɗaya, iskarta za ta juya ɗayar. Haka kankana ta ke, sai dai ita mai ta ke hurawa, ba iska ba. Shi ya sa mota ke iya tsayawa a danja tana cikin giya, injin bai mutu ba. Bayan kankana akwai famfo, wanda injin ke juyawa, shi ke matsa man. Man ya bi ta cikin wani faranti mai ƙananan hanyoyi kamar gidan tururuwa, wanda su ke kira "mukh", watau ƙwaƙwalwa. Ita ce ke raba man, ta tura shi ya danne faya-fayan kuloci na ciki, waɗannan kuma su kama wata giya su saki wata. A motocin da aka yi daga shekarun 1990 zuwa yau, kwamfuta ce ke ba ƙwaƙwalwan nan umurni ta hanyar waɗansu ƙananan bawul na lantarki da a ke kira solanoyid.

Ashe ke nan man giya aiki huɗu ya ke yi a lokaci guda: ya ɗauki ƙarfin injin, ya danne kuloci, ya sa santsi, ya kwashe zafi. In ya ragu, ko ya lalace, duk huɗun sun raunana tare.

Zafi shi ne babban magabci

Abin da ke kashe man nan zafi ne, Riyad kuwa gidan zafi ce. A watannin Yuli da Agusta ya kan kai digiri 43 zuwa 45 a inuwa, balle a bisa kwalta. Man giya ya fi son aiki a wajen digiri 80. Masu sana'ar sun daɗe da wata ƙa'ida ta kimantawa, cewa duk digiri 10 ko 11 da aka ƙara a bisa wannan, an yanke rabin kwanan man. To, a dubi motar da ke rarrafe a cunkoson Titin Sarki Fahad da azahar, iyakwandishan a kunne, ba iskar da ke shiga lagireto sai wadda fanka ta jawo. A irin wannan tafiya ta tashi-tsaya kankana ba ta daina dama mai, damawan nan kuwa zafi ta ke haifarwa. In man ya dahu sai ya yi baƙi, ya rasa ƙarfinsa, robobin ciki su bushe su tsage, matsi ya ragu, kuloci ya fara zamewa, zamewar kuma ta daɗa zafi. Haka abin zai yi ta cin kansa har giyabos ya ƙone.

Abin da ke sanyaya man giya a yawancin motoci wani ɗan bututu ne da ke cikin tankin lagireto. Saboda haka duk motar da injinta ke yawan zafi, giyarta ma dahuwa ta ke yi, ko da ba ta nuna ba tukuna. Masu ƙera motocin sun san haka. Littattafan da General Motors ta riƙa sakawa a motocinta na farkon shekarun 2000 sun nuna cewa motar da ke yawo a cunkoson gari, inda zafi ya saba kai digiri 32, a canza mata man giya da matatarsa kowane mil 50,000, watau wajen kilomita 80,000. Digiri 32 kuwa a Riyad, daga Afrilu zuwa Oktoba, abin yau da kullum ne.

Gwaji na ɗaya: sandar awo

Wannan gwaji ba ya bukatar komi sai farin tsumma. A yi tafiyar minti 15 zuwa 20 don motar ta ɗumama, a tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, a ja birkin hannu, a taka birki, a bi da hannun giya ta kowane harafi ana ɗan tsayawa, a komo kan P. Injin yana aiki a zaro sandar awon man giya, a goge, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa a duba. Ban da Honda, ita sai an kashe injin. In kuwa daga doguwar tafiya aka fito, ko daga cunkoso cikin rana, a dakata kamar rabin awa sa'an nan a ta da injin a auna, gama mai in ya yi zafi ƙwarai ya kan kumbura, ya nuna ya cika alhali bai cika ba. Akwai motocin da ba su da sandar awo ko kaɗan, kamar waɗansu Camry na baya-bayan nan, su sai an ɗaga su a gareji.

Abu uku a ke dubawa: yawa, da launi, da wari. Tsakanin alamomi biyu na jikin sandar, a yawancin motoci, wajen rabin lita ne kurum. In man ya ragu da lita guda, famfo zai fara zuƙar iska, sai a ji mota tana nawar shiga giya, tana sakin giya a kwana, tana kuma wani kuka siriri. Giyabos ba ya ƙona mai kamar injin. In ya ragu, to, zuba ya ke yi, ruwa kuwa ba ya tsami banza. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar da dare, da safe a ga inda jan ɗigo ya faɗa. In daga bakin kaskon da ke ƙasan giyabos ne, ko daga bututun da ke zuwa lagireto, ko daga robar baya wajen farfela, duk ana gyara su giyabos yana wurinsa. Robar gaba ce kaɗai, wadda ke tsakaninsa da injin, sai an ja shi baya. Kada kuma a cika man ya wuce alama, don zai yi kumfa, kumfa kuwa ba ta danne kuloci.

Lafiyayyen mai ja ne garau, ana ganin zaren tsumma ta cikinsa. In ya koma ruwan ƙasa amma ba ƙauri, ya tsufa ne, lokacin canji ya yi. In ya yi baƙi yana ƙauri kamar tuwon da ya kama, kuloci ya riga ya ƙone. In kuwa ya yi fari-fari kamar an dama nono da zoɓo, to, bututun cikin lagireto ya fashe, ruwa ya shiga mai. Wannan ba a tafiya da shi ko kilomita guda, gama ruwa yana ɓamɓare fatar faya-fayan kuloci. A kashe mota a kira "satha", motar nan mai shimfiɗaɗɗen baya da ke ɗaukar mota.

Gwaji na biyu: a hau hanya a saurara

Likita ba ya ba da magani sai maras lafiya ya faɗi inda ke masa ciwo, mota kuwa direbanta ne bakinta. A kashe rediyo, a sami titi maras cunkoso, a lura da abu huɗu, in da hali a rubuta su: da sanyi ta ke yi ko sai ta yi zafi, a wane gudu, tsakanin wace giya da wace, kuma da tattausan totur ne ko da nannauya.

In an sa D ko R aka ƙirga fiye da daƙiƙa biyu ko uku kafin motar ta amsa, wannan nawa ce. In da safe kaɗai ta ke yi, sau da yawa ƙarancin mai ne, ko matata ta toshe, ko man kankana ya zurare cikin dare. In sai ta yi zafi ta ke yi, robobin ciki ne suka gaji, mai ya tsinke yana bi ta gefensu.

In allurar juyin injin ta yi sama, injin ya yi ruri, amma gudu bai ƙaru ba, wannan shi ne zamewa. A lura ƙwarai: a giya ɗaya ce, ko a duka? In a duka ne, a tuhumi mai, ko matata, ko famfo, domin su ke hidimar kowa. In a giya ɗaya ce, a tuhumi kulocin wannan giyar ko solanoyid ɗinta.

In motar tana buga giya da ƙarfi, abin da Larabawa ke kira "nat'a", ba lalle ne ciki ya lalace ba. Kwamfuta ta kan ƙara matsin mai da gangan in wata na'urar ji, wadda su ke kira "hassas", ta daina ba ta labarin kirki. In kuwa ƙarar "ƙwas" ce a ke ji daga ƙasa sa'ad da aka sa D ko R, a fara duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kai, da gaɓoɓin farfela. Zafin ƙasan nan yana cinye roba kamar gara.

In ana tafiya a hankali, tsakanin kilomita 60 da 80, sai motar ta kama rawa kamar an hau hanya mai gargada, ga yadda za a yi. A riƙe totur inda ya ke, a ɗan taɓa birki da ƙafar hagu har fitilar baya ta kama. Yin haka yana sa kwamfuta ta saki wani kuloci da ke cikin kankana. In rawar ta ɗauke nan take, an san a lokacin da kulocin nan ya kama ne ta ke zuwa. Amma fa ba a gama ba, don fulogi ko kwayil mai ciwo ma a daidai wannan lokaci ya ke nuna kansa. Sai an duba wutar injin kafin a ɗora wa kankana laifi. Giyabos da yawa sun sha fiɗa, alhali fulogi ɗaya ne ba ya ba da wuta.

Gwaji na uku: wuta da kwamfuta

In mota ta maƙale a giya ɗaya, tana tashi da nauyi kamar an ɗaure mata dutse, amma in ta miƙe tana tafiya sumul, galibi kwamfuta ce ta kulle ta don ta kare giyabos, ko kuwa wuta ce ba ta kai masa. A duba fis, da kan batir, da soket ɗin da ke shiga jikin giyabos. In mota ta ƙi tashi a P amma ta tashi a N, makunnin da ke jikin hannun giya ne. In hannun giya ya ƙi fita daga P, a sa wani ya duba fitilar birki, in ba ta kamawa, ɗan makunnin da ke bisa feda ne. Duk waɗannan ƙananan kaya ne.

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da a ke sayarwa a ƙasarta wani soket iri ɗaya a ƙarƙashin sitiyari, mai suna OBD-II, kuma sannu a hankali ya game duniya. Ta nan a ke haɗa na'urar bincike, abin da a ke kira "fahas kwamfuta". Lambobin da suka fara da P07 na giya ne. P0700 cewa kurum ta ke yi akwai magana a sashen giya, sai an shiga an karanta sauran. P0715 da P0720 na na'urorin auna gudu ne, na shiga da na fita. P0730 tana nufin juyin da ya shiga bai dace da wanda ya fita ba, watau ana zamewa. P0740 da P0741 na kulocin kankana ne. Daga P0750 zuwa P0770 na solanoyid ne. Waɗanda suka fara da P030 kuwa na fashin wutar injin ne. A nemi a rubuta wa mutum lambobin, ko ya ɗauki hotonsu da waya, kafin a goge. Kuma a sani lamba unguwa ta ke nunawa, ba gida ba. In ta ambaci solanoyid, yana yiwuwa wayarsa ce ta tsinke.

Motocin da suka girme kwamfuta, kamar Cressida ta dā, da Caprice da Ford na shekarun 1980, su kuma akwai wata waya da ta tashi daga totur zuwa giyabos, ita ke gaya masa yadda aka taka. In ta saki ko ta ɓalle, giya za ta riƙa canzawa da wuri, da laushi, kuma a Ford da Caprice ta kan ƙone kuloci cikin ɗan lokaci. Waɗansu kuma da tiyon iska su ke aiki, wanda ya tashi daga injin zuwa wani ɗan gwangwani a jikin giyabos. In fatar cikin gwangwanin ta huje, injin zai riƙa zuƙe man giya yana fitar da farin hayaƙi, man yana raguwa ba ɗigo a ƙasa.

Motocin da muka fi saye, da halinsu

Kowace mota da inda ta ke fara tsufa. Ford Crown Victoria da 'yar'uwarta Grand Marquis, mutanen ƙasan nan sun so su ƙwarai, har ma Crown Victoria ta ƙarshe da aka ƙera a duniya, ran 15 ga Satumba 2011 a masana'antar St. Thomas ta Kanada, Saudiyya aka aiko ta. Ashe ko autarsu ta haura shekara goma. Daga 1995 giyar da ke cikinsu ita ce 4R70W da ƙannenta. An san ta da rawar kankana da muka ambata, wadda sau da yawa canjin mai ke warkarwa in an zuba Mercon V, man da Ford ta rubuta mata. An kuma san ta da buga giya daga ta ɗaya zuwa ta biyu in wani ɗan sifirin ya karye, shi kuwa ta ƙasa a ke kai masa, ba sai an sauke giyabos ba.

Caprice ta 1994 zuwa 2006, ko ƙirar Amurka ko ta Ostareliya, da GMC Suburban na wannan zamani, wadda kowa ke ce wa "Jims", yawancinsu 4L60-E ke cikinsu. Ita in wuta ta yanke mata, a giya ta uku ta ke tashi. In ta zame daga ta biyu zuwa ta uku, kulocin giya ta uku da ta huɗu ne ya ƙone. In kuwa ta rasa ribas da giya ta biyu da ta huɗu a rana ɗaya, wani ƙoƙon ƙarfe ne na ciki ya karye. Waɗannan biyun na ƙarshe kam ba makawa sai fiɗa. Manta Dexron III ne, Dexron VI kuma yana zama a madadinsa. Camry kuwa, waɗansu T-IV su ke sha, waɗansu WS, kuma Toyota ba ta yarda a musanya su ba. A karanta abin da aka rubuta a jikin sandar awo ko a littafin motar. Akwai kuma wata giya dabam mai suna CVT, wadda ke cikin Nissan da yawa, ba ta da hawa-hawa, manta ma dabam ne. Wanda ya zuba mata man otomatik na kullum ya kashe ta.

In an isa Sina'iyya

Wanda ya bi matakan nan, ran da ya shiga Sina'iyya Ƙadima ko wata, ba zai shiga kamar baƙon da bai san gari ba. Ya gai da bakanike, "Ya mu'allim," ya faɗi abin da ya gani daki-daki, ya nemi su hau motar tare. Bayan kwamfuta, akwai gwaji biyu da ba su kai fiɗa ba. Na farko a ɗaura agogon auna matsin mai a jikin giyabos, a karanta a P, da D, da R, a gwada da abin da kamfani ya rubuta. Na biyu a kwance kasko, mai mota yana tsaye. A cikinsa akwai ɗan maganaɗisu. In laka ce mai laushi launin toka a jikinsa, wannan tsufa ne kurum. In kuwa ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli, ko baƙaƙen ɓawo kamar garin shayi sun cika kaskon, to, gani ya kori ji, fiɗa ta wajaba.

Akwai maganar da ke yawo, wai in an canza wa tsohuwar giya mai sai ta mutu. Ga gaskiyar abin. Sabon mai ba ya kashe lafiyayyen giyabos. Wanda kulocinsa ya riga ya cinye ne, dattin da ke cikin tsohon man ke ɗan riƙe shi, in an zubar sai asiri ya tonu. Saboda haka in man ya tsufa amma giya ba ta zamewa, a kwance kasko, a sake matata, a cika. A 4L60-E wannan yana fitar da wajen lita 4 zuwa 5 daga cikin 10 zuwa 11, sai a maimaita bayan 'yan watanni. In kuwa tana zamewa man yana ƙauri, kada a ɓata kuɗi a kan mai ko maganin kwalba.

In fiɗa ta tabbata, hanya biyu ce: ko tawdib, ko a sayo tsohon giyabos a "tashlih", watau inda a ke farfasa motoci, kamar na hanyar Ha'ir a kudancin gari. Wanda ya san Magazin ta Suame a Kumasi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya san irin cinikin. Na tashlih ya fi araha, amma ba wanda ya san cikinsa, shi ma zafin nan ya sha. A duba lambar da ke jikinsa ta dace da ta motar, a zaro mansa a shinshina. Ko wanne aka zaɓa, a karɓi takarda mai nuna aikin da aka yi da kwanakin garanti, a tambaya ko garantin ya haɗa da kuɗin saukewa da ɗorawa, a kuma nemi a ba mutum tsofaffin kayan da aka cire. Lalle ne a wanke bututun sanyaya mai, ko a sake lagireto, in ba haka ba dattin tsohon giyabos zai koma cikin sabon. Ƙarin ɗan lagireto na man giya a gaban mota kuwa, a garin nan, kuɗi ne da ba a yi asararsu ba.

Kada a ja mota mai otomatik da igiya tayoyin da ke tura ta suna ƙasa. Injin ne ke juya famfo, in ya mutu ba mai da ke zagawa, ƙarfe zai ci ƙarfe. Kuɗin satha bai kai na giyabos ba. Ba a kuma ta da ita da turi.

Ga mai saye, da matafiyi, da direban gida

Mai neman tsohuwar mota a wuraren sayarwa na Shifa ko Ƙadisiyya, ya tuna takardar "fahas dawri", binciken da hukuma ke bukata don sabunta istimara, birki da fitilu da taya da hayaƙi ta fi dubawa, ba ta leƙa cikin giyabos. Ya ta da motar da sanyinta ya ƙirga daƙiƙun shiga D da R, sa'an nan ya tuƙa ta har ta yi zafi sosai, gama ciwon giya da yawa sai bayan rabin awa ya ke fitowa. In ya ga man sabo fil a motar da ko'ina nata ya tsufa, ya yi tambaya.

Mai niyyar Umra kuwa, daga Riyad zuwa Makka ya haura kilomita 850, yawancinsa hamada. Da fita gari ga gangaren dutsen Tuwaiƙ wajen Ƙiddiya, wanda za a hau a komowa, mota cike da iyali da jarkokin Zamzam. Daga miƙatin Ƙarnul Manazil kuma hanya gangara ta ke yi zuwa Makka. A gangare a sauko da giya zuwa 3 ko 2, kada a sa N. A hawa, in giya tana kai da komo tsakanin ta uku da ta huɗu, a tsai da ita a ta uku. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya: a auna mai, a duba lagireto da fanka tun da sauran mako guda.

'Yan'uwanmu masu tuƙa motar maigida, ku ma da ku mu ke. In kun ji wata alama, ku faɗa tun tana ƙarama, ku ce, "Maigida, motar tana nawar shiga giya da safe, ya kamata a duba man." Wanda ya yi shiru don gudun faɗa, ran da giyabos ya ƙone a tsakiyar titi da yara a ciki, shi za a fara tambaya. Amana ce aka ba ku, faɗin gaskiya da wuri kuwa yana kare motar, ya kare aikin.

Wanda ya karanta wannan, muna roƙonsa ya karanta wa ɗan'uwansa da bai samu gani ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira, aljihu ma haka. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa albarka a cikin abin da mu ke nema, amin.